Amsar wanga wata: daga Yamai zuwa Jidda, kilomita nawa ne?

 

Wanga wata takarda ta zo mana daga wata makarantar yaƙi da jahilci ta wajen Mirriya, cikin jihar Damagaram. Mai takardar ya ce bana ya fara riƙe alƙalami. Mun ga alama, amma mun karanta kowane harafi, kuma mun gode ƙwarai.

Ga abin da ya kawo. Gardama ta tashi a garinsu tsakanin dattawa biyu, a kan nisan da ke tsakanin filin jirgin sama na Yamai da na Jidda. Ɗaya alhaji ne. Ya ce da idonsa ya ga lamba 2,500 a ɗan allon da ke gaban kujerarsa cikin jirgi. Ɗayan bai je ba, amma ɗansa ya duba masa a wayar hannu, ya ga 4,000. Kowa ya kafe a kan tasa. Har ta kai ba su zama tabarma guda bayan la'asar. Mai takardar kuma yana da nasa dalili na tambaya. Shekara uku ke nan yana tara kuɗi don ya kai mahaifiyarsa Makka. Tsohuwar ba ta taɓa wuce Damagaram ba, yana so ya san irin tafiyar da zai sa ta.

To, bari mu fara raba gardama. Dattawan nan biyu, ba wanda ya yi ƙarya.

Alhaji ya ga lissafin mil. Ɗan makaranta ya ga lissafin kilomita. Mil guda kilomita 1 ne da mita 600, har da ɗan ɗori. Ku ɗauki alli ku gwada: mil 10 kilomita 16 ne, mil 100 kilomita 160, mil 1,000 kilomita 1,600. Mil 2,500 kuwa ya ba da kilomita 4,000. Kamar hatsi ne. Rumbu guda, wani ya ƙidaya shi da tiya, wani da buhu. Lamba ta bambanta, hatsin bai ƙaru ba. Tsofaffin fatake masu zuwa Kano sun san mil, domin da shi ake auna hanya a Najeriya a da. Dattawa, a koma tabarma guda.

Amsa ke nan: daga filin jirgi na Diori Hamani a Yamai zuwa filin Sarki Abdul'aziz a Jidda, wajen kilomita 4,000 ne. Idan Madina jirgin ya nufa, wajen 4,100.

Amma lamba kaɗai ba ta cika ciki. Mene ne kilomita 4,000 ga mutumin da gonarsa ba ta wuce kilomita 3 daga gida ba?

Mu auna da hanyar da muka sani. Daga Yamai zuwa Damagaram a babbar hanya, ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni da Maraɗi, wajen kilomita 900 ne. Wanda ya yi wannan tafiya cikin mota ya san abin da bayansa ya ji. To, zuwa Jidda kamar a yi ta ne sau 4 da rabi. Daga Maraɗi zuwa Damagaram wajen kilomita 240 ne. Sai ka yi ta sau 17 kafin ka cika nisan Jidda.

Mu auna da ƙafa. A ce ayari yana cin kilomita 25 a yini. Kilomita 4,000 kwana 160 ke nan, wato wata 5 da kwana 10. Wannan fa ba hutu, ba ciwo, ba ratse don neman rijiya, ba jiran damana ta wuce. Duk makiyayi ya san ba a tafiya haka.

Ga wani awo kuma. Kewayen duniya duka, idan ka bi ta tsakiyarta ka dawo inda ka tashi, wajen kilomita 40,000 ne. Ke nan mai zuwa Jidda daga Yamai ya ci kashi 1 cikin 10 na kewayen duniya. Ba ƙaramar tafiya ba ce.

Wani zai ce: wa ya ja igiya a sama har ya auna? Ba a ja igiya ba. Kowane filin jirgi an san daidai inda yake a bisa doron ƙasa, da lissafi ake fitar da tsakaninsu. Amma ku ma kuna iya gwadawa. Ku je lakwal ɗin garinku, ku roƙi malamin ya nuna muku ƙwallon duniya, wanda aka zana ƙasashe a jikinsa. Ku ɗora bakin zare a kan Yamai, ku ja shi ya miƙe sosai har Jidda. Inda zaren nan ya kwanta, nan ce hanya mafi gajarta. Kada ku gwada a taswirar da ke manne a bango. Duniya a dunƙule take kamar ƙwarya biyu da aka kife, taswirar bango kuwa a shimfiɗe take, tana ɓata awo.

Yanzu mu bi zaren mu gani.

Daga Yamai ya nufi gabas, yana ɗan karkata arewa. Ya wuce kudu da Tawa kaɗan. Ya ratsa Damargu, arewa da Tanut. Ya bi ta wajen duwatsun Tarmit, ya shiga rairayi. Sai bayan kilomita wajen 1,500 ya fita daga ƙasarmu. Ku lura da wannan da kyau. Fiye da kashi 1 cikin 3 na tafiyar, mutum yana bisa Nijar ne. Alhaji ya yi kusan awa 2 a sama, ya ci abinci, har ya fara gyangyaɗi, yana tsammani ya yi nisa da gida, alhali bai ƙetare iyaka ba tukuna. Ƙasarmu tana da faɗi.

Daga nan sai Cadi, wajen kilomita 900, ta kusa da garin Faya. Sai Sudan, wajen 1,400, yawanci hamada ce, a ciki ne ake ƙetare kogin Nilu. Sai Bahar Maliya, wajen kilomita 200 na ruwan gishiri. A bakin ruwan nan, ta gabas, Jidda take. Ku haɗa: 1,500 da 900 da 1,400 da 200. Kun ga 4,000 ɗinmu ta fito.

Mai takardarmu mutumin Damagaram ne, saboda haka ga abin da ya shafe shi. Daga Damagaram zuwa Jidda, a miƙe, wajen kilomita 3,300 ne kawai. Daga Maraɗi wajen 3,500. Daga Tawa wajen 3,650. Duk sun fi Yamai kusa, domin Yamai tana can yamma, Makka kuwa gabas take. Idan tsohuwa za ta hau jirgi a Yamai, sai ta fara ba alƙibla baya. Ta yi kilomita 900 a mota zuwa yamma, tun asuba har dare. Sa'an nan jirgi ya ɗauko ta, cikin wajen awa guda ya dawo da ita saitin jiharsu, ya wuce. Jimla kilomita 4,900 maimakon 3,300.

Wannan ba mugunta ba ce. Babban jirgi mai ɗaukar ɗaruruwan mutane, cike da mai, yana bukatar doguwar hanyar tashi mai ƙarfi. Ana bukatar ƴan sanda masu duba fasfo, da ƴan duwan, da ma'aikatan lafiya, da motocin kashe gobara. Ba kowane fili ke da su duka a kowane lokaci ba. Amma a ganina, duk shekarar da aka samu hali jirgi ya ɗauki alhazai daga filin jiharsu, an yi wa tsofaffi babban gata. Sau da yawa abin da ke karya tsoho ba jirgin ba ne. Motar da ta kawo shi ce, da kwanakin jira a birnin da bai san kowa ba.

Akwai kuma abin da zare ba ya nunawa. Jirgi ba ya bin zaren nan daidai. Sama ma tana da burtali. Kamar yadda makiyayi ba ya ratsa gonar mutane don ya gajarta hanya, haka jirgi yake bin hanyoyin da aka shata masa. Kowace ƙasa ita ke da ikon sararin da ke bisanta. Sai ta yarda a wuce, kuma ana biyan kuɗin wucewa. Ma'aikata a ƙasa suna magana da matuƙi ta rediyo, wannan ya miƙa shi ga wancan, har ya sauka. Idan akwai hadari mai ƙarfi a gaba, sai ya kauce masa. Saboda haka 4,000 ita ce mafi ƙanƙanta. Abin da jirgi ke ci a gaskiya ya ɗara haka.

Wani lokaci ɗarawar ba kaɗan ba ce. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin ƙasar, ana saura wata biyu da ƴan kwanaki a hau Arfa. Ku tuna, kilomita 1,400 na zarenmu a bisa Sudan suke. Jiragen alhazan Afirka ta Yamma suka riƙa zagayawa ta wasu ƙasashe, tafiya ta ƙaru da awoyi. A maƙwabciyarmu Najeriya, kamfanonin da ke jigilar alhazai sun nemi ƙarin dalar Amurka 250 a kan kowane mutum. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Mu ma a watan Agusta na shekarar 2023 an rufe sararin Nijar wajen wata guda, jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka suka yi ta kewaye. Man jirgi ɗan uwan kananzir ne, kuma jirgi yana shan sa da yawa. Kowane kilomita da aka ƙara, mai ne. Kowane mai kuɗi ne. Kuɗin kuwa daga rumbun mai tafiya yake fitowa, ko daga garkensa. Shi ya sa yaƙin da ake yi a ƙasar da ba ka taɓa gani ba yana iya cin bijiminka guda.

Mu zo ga lokaci. Jirgin alhazai yana tafiya wajen kilomita 850 a awa, a tsawon kilomita 10 ko 11 bisa ƙasa. Wato kilomita 14 a minti guda. Tafiyar ayari ta yini ɗaya, shi minti 2 ba su cika ba ya gama ta. Idan hanya a buɗe take, daga Yamai zuwa Jidda awa 5 ne ko da ɗan ɗori. Iskar sama tana iya tura shi ko ta tare shi, shi ya sa zuwa da dawowa ba su cika zama daidai ba.

Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2. Dalili, rana daga gabas take fitowa, su suna ganinta kafin mu. Misali: jirgi ya tashi daga Yamai ƙarfe 10 na dare. Bayan awa 5 ya sauka. Agogon hannunka zai ce ƙarfe 3. Agogon Jidda zai ce ƙarfe 5 na asuba. Ba wanda ya sace maka awa 2, za ka same su ranar dawowa. Amma da saukarka ka gyara agogo. Mai shan maganin hawan jini ko na sukari kuwa, ya tambayi likita tun a gida yadda zai daidaita lokacin shan sa. Ku kuma da ke gida, idan za ku kira alhaji bayan isha'i, ku tuna can dare ya raba.

Saurin nan na kilomita 14 a minti yana da wata matsala, wadda na gani da idona. Ita ce maganar harami.

Mai zuwa Makka yana ɗaura harami a miƙati. A zamanin raƙumi abin da sauƙi. A zo wurin, a sauke kaya, a yi wanka, a ɗaura, a huta. Jirgi kuwa ba ya tsayawa. Matuƙi ko ma'aikacin jirgi ya kan sanar cewa an kusa saitin miƙati. Shekarar da na je, akwai wani dattijo kusa da ni, mutumin kirki, ya sayar da shanu ya biya kujera. Da aka yi sanarwa sai ya miƙe yana neman jakarsa. Ashe haraminsa yana cikin babban akwati, akwatin kuwa yana cikin cikin jirgi, inda ba mai iya kaiwa sai an sauka. Ba wanda ya gaya masa tun a gida. Ban manta fuskarsa ba. Allah ya sa wani yana da na biyu, ya ba shi.

Saboda haka, tun kafin ranar tafiya, ku tambayi jagoranku: jirginmu Jidda zai sauka ko Madina? Idan Madina ne, ba a ɗaura harami a jirgi. Sai ranar fita zuwa Makka, a miƙatin Zul Hulaifa da ke bayan gari. Idan Jidda ne kuma daga nan Makka za a wuce, a yi wanka tun kafin a hau, harami ya kasance a jiki ko a ƴar jakar hannu. Sauran hukunci, na lokacin niyya da na mata, ku zauna da malaman da ke rakiyar alhazai su yi muku bayani. Nasu fagen ne.

Awa 5 a zaune ma ba wasa ba ne ga tsoho. Iskar cikin jirgi busasshiya ce kamar ta hunturu. Tsofaffinmu da yawa suna ƙin shan ruwa don kunyar tambayar ban ɗaki. Wannan kuskure ne. Akwai ban ɗaki a jirgi, ma'aikata suna nuna yadda ake amfani da shi. A sha ruwa. A riƙa motsa ƙafafu, a miƙe a ɗan taka idan an ba da izini. Idan kunne ya toshe wajen tashi ko sauka, a haɗiye miyau ko a yi hamma. A riƙe mayafi a hannu, domin akwai sanyi. Kuma sauka a Jidda ba ƙarshen tafiya ba ne. Akwai layin duba takardu, akwai jiran kaya, sa'an nan mota ta kusan kilomita 100 zuwa Makka. Tsakanin Makka da Madina kuma ya wuce kilomita 400.

Kafin mu rufe, bari mu waiwayi kakanninmu, domin kilomita ɗin nan da ƙafa suka san su. Su ba su bi zare ba. Zare ta hamada ya bi, inda ba ruwa. Sun bi ta kudu, inda ake samun rijiya da gari: Barno, sai Injamena wadda a da ake kira For Lami, sai Abeshe, sai Darfur, sai Al-Ubayyid. Tun wajen 1912 jirgin ƙasa ya iso Al-Ubayyid, mai kuɗi ya hau zuwa Hartum, daga nan zuwa bakin teku. A Sawakin ake shiga jirgin ruwa a ƙetare zuwa Jidda. Mafi yawansu ba su da kuɗin. Sai su yi noma a nan damana guda, su yi ƙwadago can shekara biyu, su ƙara gaba. Da aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira a 1925, mutanenmu da yawa a nan suka nemi guzuri. Wani shekara 5, wani 10. Wani ya yi aure, ya haifu, ya zauna. Har yau akwai Hausawa da Fulani masu yawa a Sudan. Akwai gari a bakin Shuɗin Nilu mai suna Mai Wurno, wanda mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

A gidanmu ma an yi. Wan kakata ya tashi da ƙafa, da jaki guda, bayan an yafi juna an raba masa abin da za a raba. Bai dawo ba. Kakata ta rasu tana cewa yana hanya. Da na leƙa ta tagar jirgi aka ce muna bisa Sudan, ban ga komai ba sai jan rairayi, cikin ƙasa da awa 2 kuma mun wuce ta. Shi na tuna.

Ɗan uwa mai takarda, ga lissafin tsohuwa a taƙaice, ka kwafe shi a littafinka. Mota zuwa Yamai, idan a can za a tashi: kilomita 900, yini guda. Ka kai ta da wuri ta huta kwana biyu, kada ta sauko daga mota ta hau jirgi. Jirgi: kilomita 4,000, awa 5 ko fiye. Agogo: a ƙara awa 2. Allurar shawara da ta sanƙarau dole ne, a yi su da wuri, a adana katin tare da fasfo. Kuɗin kujera kuwa, kada ka ba kowa a ƙarƙashin itace. Ka tambaya a hukumar alhazai, COHO, ko kamfanin da za ka ba yana cikin waɗanda aka yarda da su, kuma ka karɓi takardar shaida mai hatimi. Yanzu ka iya karatu, ka karanta ta da kanka kafin ka sa hannu.

Ka gai da dattawan nan biyu. Ka karanta musu wannan shafi tare, sa'an nan ka rubuto mana abin da suka ce.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.